Daƙiƙa Goma

A wani kanti kan titin Anlaby, a Hull,
ruwa na ɗiga daga lemata,
na tsaya gaban firam uku na lantarki
kamar mai zaɓen ragon layya.
Yaron kantin, Callum aka rubuta a ƙirjinsa,
ya ce wannan inci takwas, wannan goma,
wancan yana cin hoto dubu ashirin.
Na ce a raina, ɗan nan, dangina kaf
har da waɗanda ba ma ga-maciji
ba su cika dubu ba.

Na ɗaga na tsakiyar, na ƙwanƙwasa bayansa
yadda Inna ke yi wa tukunya a kasuwar Giwa
ta ji ko da tsaga.
Fam arba'in da tara.
Na fara juya shi zuwa naira, na yi maza na bari.

A kicin na kafa shi,
tsakanin butar shayi da takardun kuɗin gas,
na kauce wa alƙibla,
don Kawu Mati ya yi mini wa'azi ta waya
kan mala'iku da gida mai hoto.
Na ce masa ai wannan yana barci,
in ba motsi a ɗakin sai ya rufe ido.
Ya yi shiru, can ya ce to,
a sa nawa na filin Arfa.

Daren farko ya sare wa Baba hula.
Duk wanda aka ɗauka a tsaye
ya iso ba kai, ko ba takalmi,
sai da Ilu, ɗan shekara takwas,
ya latsa wani lungu da ban gani ba
kawunan mutanen gidanmu suka dawo.

Na ba Lantana lambar, ta raba wa ƙanne.
Yanzu ina aikin dare a gidan tsofaffi,
ina juya Misis Pickering a kan gado,
Giwa na shiga kicin ɗina ba sallama:
buhunan masara, sabon ƙyauren shago,
jaririn da ba a raɗa wa suna ba tukuna,
yatsan wani ya rufe rabin masallaci.

Da safe Ilu na cin burodi yana bita.
Wannan Goggo Dije, wannan mijinta mai babur,
wannan fa?
Kafin in haɗiye shayi an wuce.
Daƙiƙa goma na yanka wa kowa,
da mai bin bashi da wanda ake bi.

Amma na'ura ba ta zuwa ta'aziyya.
Ran Laraba na dawo gari bai waye ba,
ƙafafuna a kumbure,
na taka kicin, firam ya farka,
sai ga Yaya Sallau
bayan hoton wata akuya mai ciki,
rake a hannu, yana dariya da giɓinsa,
wata biyar da kai shi makwanci
ina nan ina jiran sabunta biza.

Na lalubo wurin gogewa.
Allon ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata.
Shekara tara ana tambayata takardu a ƙasar nan,
wannan ce ta farko da na rasa amsa.

Ilu ya sauko da rigar barci.
Mama bar shi, in ji shi,
yanzu zai tafi da kansa,
kuma yana dawowa,
jiya sau uku ya zo.

Na janye yatsa.
Sallau ya wuce, masara ta zo,
sai Kawu Mati ya runtse ido a ranar Arfa.
Ba a jere yake kawo su ba,
Callum ya gaya mini, sai wanda ya ga dama.
Na ja kujera, takalmin aiki a ƙafa,
shayi ya huce a kofi,
jifa-jifa ina ɗaga hannu
kada ya zaci ba kowa a ɗakin.